Lambar da Ba Ta Barin Saura

Kun kau da kai. Kada wani ya ce mini bai gani ba, domin ina da hotunanku. Shekara goma sha ɗaya kuna zuwa tsohuwar makarantarmu duk ƙarshen zango, ku jeru a gaban allon aji shida, ku gyara wuyan riga, ku yi murmushi a ƙarƙashin lambar Malam, sannan ku tura wa juna hoton a waya, wani ya rubuta "Allah sarki, kwanakin baya." Duk tsawon shekarun nan lambar tana da kuskure a tsakiyarta, baƙin fenti a kan farin bango, kowace ƙwaya ta kai tsawon kamu. A cikinku akwai injiniya, akwai mai harhaɗa magani, akwai mai koyarwa a jami'a. Ba wanda ya ciro biro ya raba ta da lambarsa. Ni ma ban raba ba, kuma laifina ya fi naku, tunda ni nake koyar da lissafi a ajin yanzu. Shekara biyu lambar tana saman kaina, ina kallonta kamar yadda ake kallon tsohuwar kalanda.

Wanda bai yi makarantar ba zai ce wace lamba ce wannan da ake ta da jijiyar wuya a kanta. Bari in ba shi labari.

Malaminmu na lissafi ba ya kiran kowa da suna. Lambarka ta rajista ita ce sunanka, har yau kuwa da ita muke kiran juna. Ajinsa mutum talatin ne, benci goma, uku-uku. A saman allo ya rubuta wata doguwar lamba da fenti:

2,329,089,562,800

Ita ce lamba mafi ƙanƙanta da kowace lamba daga ɗaya zuwa talatin za ta raba ba tare da an bar komai ba. Aikin farko na duk wanda ya shigo ajin shi ne ya raba ta da lambarsa, da fensir, layi bayan layi. Sai ka gama kake da ikon amsa kiran safe. Ba a cewa "Na'am" a ajin Malam. In ya kira lambarka, sai ka miƙe ka ce, "Ba saura!" Shi ya sa muka sa masa Malam Ba-Saura, a bayan idonsa.

Ɗaya ba ta ma buɗe littafi, lambar take kwafewa ta miƙa. Goma yakan share sifili ɗaya ya harɗe hannu yana wa mutane dariya. Amma Sha Bakwai da Ashirin da Uku da Ashirin da Tara sai sun yi gumi, fensir ya ƙare, takarda ta huje da gogewa. Su ne Malam yake kira masu taurin kai, wato lambobin da ba abin da yake raba su sai ɗaya da su kansu. Yakan ce, "Ku riƙa ganin girmansu. Ba don su ba, da lambar nan 'yar ƙarama ce."

Ni a tsakiyar zango na zo. An sauya wa babana wurin aiki, muka tare a ɗaki biyu kusa da gidan ruwa, aka kai ni makaranta ranar wata Talata da rigar tsohuwar makarantata, ruwan ƙasa a cikin masu shuɗi. Layukan rajista sun ƙare, sai Malam ya ja wani da rula a ƙasan shafi ya rubuta talatin da ɗaya. Ba benci na goma sha ɗaya, don haka aka matsa mini a na su Bakwai, rabin jikina a waje. Ajin yana warin alli da jiƙaƙƙen katako. Taga ɗaya ba ta rufuwa, an tokare ta da dutse, kuma in an yi ruwa sai ka ji kwanon rufi kamar za a fasa shi.

Bakwai ne ya gaya mini doka, yana taunar gindin fensir.

"Ke baƙuwa, kin ga waccan? Ki raba ta da lambarki. In ba ki raba ba, ba ki shigo ba."

Na raba. Na iya rabawa, a tsohuwar makarantata ni ce ta biyu. Na sauko layi bayan layi har ƙasan shafi, sai na ga ashirin zaune a ƙarshe, ta ƙi tafiya. Na sake, ashirin. Na sake a karo na uku ina danna fensir har ya karye, ashirin.

Bakwai ya leƙo, ya fizge littafin, ya hau benci. "Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah! Saura ashirin! Lambar ta ƙi ta!"

Malam yana ofishin hedimasta a lokacin. Kafin a tashi, duk ajin ya san sabon sunana. A hanya ma ana bina da shi: "Saura Ashirin, ina za ki kai sauran?" Da na isa gida na jefar da jaka na ce wa Inna ba zan koma ba. Ta ce wa ya doke ni. Na ce ba kowa, lamba ce ta kore ni. Ta daɗe tana kallona, sannan ta taɓa goshina ko zazzaɓi ne.

Washegari Baba ya kai ni har bakin aji da kansa. Malam ya kira rajista, mutum talatin suka ce ba saura, ya kira talatin da ɗaya, na miƙe na yi shiru. Wani daga baya ya ce, "Saura ashirin," aji ya kwashe da dariya. Malam bai yi tsawa ba. Ya karɓi littafina ya bi aikin da ɗan yatsa daga sama har ƙasa, sannan ya cire tabarau.

"Aikinta daidai ne. Wa ya ce laifinta ne?"

Ya bi ajin da kallo benci bayan benci, ya ci gaba.

"Yarinya ta zo, lamba ta kasa ɗaukarta. To wa ya gaza, yarinyar ko lambar? Bakwai, kai nake tambaya, tunda na ji kai ne mai shela."

"Lambar, Malam."

"To in ɗaki ya yi wa mutane kaɗan, korar mutum ake yi?"

"Ƙara ɗaki ake yi, Malam."

"Madalla. Kowa ya fito da littafi. Ku ninka ta sau talatin da ɗaya."

Kwana biyu muka yi a kai. Ranar farko amsa huɗu daban-daban suka fito, har aka kusa dambe tsakanin Sha Tara da Ashirin da Biyu. Malam ya ƙi faɗin wadda take daidai. Sai ya koya mana wata dabara: a tara ƙwayoyin lambar ɗaya bayan ɗaya, in abin da ya fito bai rabu da tara ba, to lambar ma ba za ta rabu da tara ba, a jefar da ita. Amsa uku suka faɗi nan take. Ta huɗun ta ba da hamsin da huɗu, tara sau shida. Ranar Alhamis ya aro tsani wajen maigadi, ya shafe tsohuwar da farin fenti, ya rubuta sabuwa:

72,201,776,446,800

Horon Bakwai shi ne ya riƙe gwangwanin fenti a sama da hannu biyu har a gama. Ya fito da ɗigo-ɗigon baƙi a fuska kamar zabo, yana ta washe baki. Daga wannan horon ya samu sana'a, yau shi ne mai rubuta allunan shaguna a rabin garin.

Ni kuwa Malam ya miƙa mini alli ya ce in raba a allo, a gaban kowa. Na sauko, na sauko, har na iso sifili. Da na ɗaga kai na dubi amsar, sai na ga tsohuwar lambar ce ta dawo, wadda aka shafe.

"Kin ga amsarki?" in ji Malam. "Ajin ne gaba ɗaya. Talatin da ɗaya!"

"Ba saura!"

Ban taɓa jin muryata da ƙarfi haka ba. Wannan ce shekararsa ta ƙarshe kafin ya yi ritaya, kuma lambar ba ta sake ƙaruwa ba.

Shekara goma sha takwas ke nan. A watan jiya ƙungiyarku ta tsofaffin ɗalibai ta gyara rufin ajin, aka yi sabon fenti, aka sa ranar Asabar don a karrama Malam. An buga kati da lambar a sama da ruwan zinare, an buga riguna da ita a ƙirji. Ni aka ba katinsa in kai, ranar Litinin bayan an tashi.

'Yarsa ta shigar da ni. Yana zaune a bakin taga a kujerar katako, rediyo a cinya, sanda a jingine. Yanar ido ta rufe masa gani, sai dai ya bambance haske da duhu.

"Allah ya gafarta Malam."

"Wace ce?"

"Talatin da Ɗaya ce."

"A'a! Mai taurin kai! Shigo, shigo. An ce kin gaje ni. Suna jin magana?"

"Kamar yadda muka ji, Malam."

"To Allah ya ba ki haƙuri."

Na ba shi katin. Ya shafa shi, ya ji tudun rubutun zinaren, ya ce in karanta masa. Na karanta gayyatar, na karanta sunan ƙungiya, sannan na gyara murya don in burge shi: "Tiriliyan saba'in da biyu, biliyan ɗari biyu da ɗaya, miliyan ɗari bakwai da goma sha shida, dubu ɗari huɗu da arba'in da shida, da ɗari takwas."

Ya rage muryar rediyo.

"Sake. Ƙwaya-ƙwaya."

Na sake. Ina faɗa, yatsunsa suna tafiya a kan gwiwa. Da na kai sifili na ƙarshe sai suka tsaya.

"Arba'in da takwas," in ji shi.

Ban gane ba sai da na ga yana jira, irin jiran da yake yi a aji. Arba'in da takwas ba ta rabuwa da tara. Na ji kunya ta taso mini daga ƙafa.

"Wataƙila wajen bugawa ne, Malam."

"Daga ina suka kwafa?"

"Daga bango."

"Ke kuma a ina kike tsayawa kullum?"

Ya yi 'yar dariya, ba ta mugunta ba.

"Ashe an sake korarki, ba ki ma sani ba."

"Wace ƙwaya ce, Malam? Gaya mini in sa a gyara."

"Ni ban taɓa haddace ta ba, 'yata. Ku ne kuka haddace. Ni gina ta nake yi, kuma na koya muku yadda ake ginawa." Ya miƙo mini katin. "In ta rabu, aiko a ɗauke ni. In ba ta rabu ba, ku ci taronku lafiya. Ba zan zauna a ƙarƙashin lambar da ta kori 'ya'yana a yi ta tafa mini ba."

'Yarsa ta raka ni ƙofa. Ta ce tun da ya ji labarin taron ya sa aka wanke masa babbar riga har sau biyu, kuma likita ya ce ya rage fita, ba a san ko za a sake samun irin wannan ba. "Amma kin san halinsa," in ji ta. "In ya ce ba zai je ba, ko da mota goma aka zo."

Ranar Talata da hutun tara na zauna a ofishin malamai na gina ta daga tushe. Biyu sau huɗu a jere, sha shida. Uku sau uku a jere, ashirin da bakwai. Biyar sau biyar. Sannan masu taurin kai, ɗaya bayan ɗaya: bakwai, sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, sha tara, ashirin da uku, ashirin da tara. Ina ninkawa ina ganin fuskokinsu, wanda yake lasar fensir, wadda take kuka in ta ɓata shafi. Na ninka da talatin da ɗaya, na ɗauki takardar na shiga aji na ɗaga kai. A tsakiya, inda ya kamata a ga 776, an rubuta 716. Bakwai ɗaya ta zama ɗaya.

Na zauna na duba wa da wa wannan ƙwaya guda ta fitar. Mutum goma sha shida. Bakwai, Tara, Sha Ɗaya, Sha Uku, Sha Huɗu, haka har zuwa kaina, ni da saura huɗu. Goma sha biyar ne kawai suka rage a ciki, su Biyu da Biyar da Goma da Ashirin, waɗanda tun asali ba su taɓa wahala ba.

Goma shi ne shugaban ƙungiya. Na same shi a ofishinsa, hawa na uku, sanyin na'ura kamar cikin firji, kwalayen riguna jibge a lungu. Ya saurare ni yana juya makullin mota a yatsa.

"Ke dai har yanzu rigimammiya ce. Ƙwaya ɗaya fa, a cikin goma sha huɗu."

"Ƙwaya ɗaya ta kori mutum sha shida."

"Ta kore su zuwa ina? Ga Tara can yana tuƙa jirgi. Haba, Saura Ashirin. Riga ɗari biyu an buga, kati ya tafi ko'ina. Kina so in tsaya a gaban jama'a in ce duk mun yi shekara goma sha ɗaya muna hoto da kuskure?"

"Ai mun yi."

"Ji nan. Koma ki ce wa Malam an gyara. Ba gani yake ba. Ya zo, a karrama shi, ya ji daɗi, ya koma gida. Wa aka cuta?"

Na miƙe tsaye, don in na zauna zan faɗi abin da ya fi haka.

"Ka san abin da ya sa bai dame ka ba? Sifilinka yana nan. Ko duk tsakiyar lambar ta ruɓe, kai share sifili za ka yi ka harɗe hannu. Tun muna yara haka kake. Mutumin da ya hau tsani saboda yarinya ɗaya, shi za ka ce in yi wa ƙarya don ba ya gani?"

Ya daina juya makullin. Ya ce in rufe masa ƙofa a hankali in na fita. Ban rufe a hankali ba.

Shagon Bakwai yana bayan tashar mota, rumfar kwano cike da gwangwanaye da allunan da ba a karɓa ba, ko'ina warin fenti da kananzir. Na same shi a tsugune yana rubuta wa wani mai aski farashi.

"Wa nake gani? Saura Ashirin da kanta! Yau kuma me ya yi saura?"

"Kai."

Na shimfiɗa masa takardar a kan benci, na nuna wurin. Ya goge hannu a wando, ya duba, ya sake dubawa. Sai ya zauna a kan wani gwangwani.

"Wallahi na tuna," in ji shi. "Ina yaron shago lokacin, shekarata sha tara. Rufin ya yi yoyo, ruwa ya bi bangon ya cinye wurin. Hedimasta ya ce in bi abin da na gani. Na ga sanda a tsaye, ba kai. Na ce ɗaya ce." Ya rufe fuska da tafi. "Har ƙafa na yi mata, don ta yi kyau. Watan jiya kuma da aka ce in sabunta, aikina na bi. Ina ta yabon kaina."

"Kai da ka riƙe gwangwani."

"Gwangwanin nake kallo, kada ya zube mini a ka!"

"To ka kori kanka. Raba ka gani."

Ya yago bayan kwali, ya zaro fensir daga kunne. Ya daɗe, yana ƙirga da yatsu, yana tsaki, sau biyu yana tambayata bakwai sau takwas. Mai askin ya gaji ya tafi. Daga ƙarshe ya ɗago.

"Saura uku." Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. "Saura Uku. Allah ya rama miki, 'yar'uwa."

"Goma ya ce a bar ta haka."

"Goma ne ya rubuta? Hannuna ne. Wa yake da makullin ajin?"

"Ni."

Ranar Asabar da hantsi, kafin a gama jera kujeru, Bakwai ya hau tsani. Ya shafe ƙafar da farin fenti, ya jira ta sha iska, ya ja kan bakwai da baƙi. Bai fi minti goma ba. Ni na riƙe masa gwangwani. Na tara ƙwayoyin da ƙarfi, hamsin da huɗu, sannan na buga wa 'yar Malam waya na ce ta gaya masa ta rabu.

Abin da ban sani ba shi ne Bakwai ya zo da ƙaramin buroshi. Ya tsaya a bakin ƙofa, duk wanda ya zo da rigar ƙungiya sai ya tare shi. "Tsaya, ranka ya daɗe, ƙirjinka da gyara." Kafin mutum ya ce me, an ja masa layi. Wasu suka yi dariya, wasu suka yi faɗa, matar Ashirin ta ce sai ya biya ta rigarta. Goma ya iso, ya dubi bango, ya dubi buroshin, ya dubi jama'a. Sai ya tura ƙirji.

Malam ya shigo da babbar rigarsa, 'yarsa tana riƙe da hannunsa. Ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi. "An canza fenti," in ji shi, "amma tagar nan har yanzu ba ta rufuwa, ina jin iskarta." Aka zaunar da shi a ƙarƙashin allo. Goma ya fito da jawabi shafi huɗu, Malam ya ɗaga hannu.

"Ajiye wannan tukuna. A karanta mini lamba."

Na karanta, ƙwaya-ƙwaya. Yatsunsa suka yi tafiyarsu, suka tsaya, ya gyaɗa kai.

"'Yan ajin ƙarshe, ku nawa kuka zo?"

Mu goma sha tara ne.

"A raba musu takarda. Wanda na ji ƙarar wayarsa, waje."

Da ma kun ga kanku. Manya da tumbi da furfura, an matse a bencin yara, gwiwa tana dukan teburi, ana leƙen na kusa. Sha Tara da Ashirin da Biyu suka tayar da tsohuwar gardamarsu. Mai koyarwa a jami'a ya ɓata shafi biyu. Kusan minti arba'in ba a jin komai sai ƙarar biro, Malam yana zaune yana murmushi, kansa a karkace, kamar mai sauraron waƙa. Sannan ya fara kira, ba rajista a hannunsa.

"Ɗaya."

"Ba saura!"

Ya bi su a jere. Inda ba a zo ba, wani ya ce yana tafiya, ko yana wata ƙasa. Da ya ce Bakwai, sai da gilashin taga ya amsa. Da ya ce Sha Uku, muka dubi juna.

"Ta rasu bara waccan, Malam," in ji wata. "Wajen haihuwa."

Ya sunkuyar da kai, ya yi mata addu'a, muka shafa. Sannan ya ce, "To wani ya raba mata. Tana cikin lambar."

Sai Goma ya tashi, ya ajiye jawabinsa a kan benci, ya ɗauki alli. Bai taɓa raba lambar nan da abin da ya fi share sifili ba. Ya yi kuskure a tsakiya, Bakwai ya ce, "Sauko da bakwai, shugaba, bakwai ce yanzu." Ya goge da hannun riga ya ci gaba. Da ya iso ƙasa, alli ya ɓata masa wando, ya juyo.

"Ba saura, Malam."

Ni ce ta ƙarshe. Amsata ta fito kamar yadda ta fito ina 'yar shekara goma sha ɗaya, tsohuwar lambar, ajin gaba ɗaya. Na faɗa, aka yi tafi, na ɗauka an gama. Sai Malam ya juyo da fuskarsa inda muryata take.

"Yanzu su nawa ne a ajin?"

"Tamanin da uku, Malam."

"A ɗakin nan?"

"A ɗakin nan."

"Talatin da biyu ya raba?"

"Zai samu saura sha shida."

"Talatin da bakwai fa? Arba'in da ɗaya? Tamanin da uku ma mai taurin kai ce." Ya laluba sandarsa. "Ashe gyaran bai ƙare ba. Kun mayar da kanku ciki, kun bar yaran mutane a waje."

Wannan ita ce maganarsa ta ƙarshe a taron, kuma ban ga wanda ya sa ta a cikin hotunan da kuka yi ta turawa ba.

To ga ta na kawo muku. Yara tamanin da uku nake da su, minti arba'in a rana, da hannu biyu. Ba zan iya bin aikin kowane yaro da ɗan yatsa daga sama har ƙasa ba, kuma akwai waɗanda suke zaune rabin jiki a waje, sun riga sun yarda cewa lissafi ya ƙi su. Na san wannan zaman. Ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe tara zan buɗe ajin, za mu fara gina lambar da za ta ɗauki tamanin da uku. Bakwai ya ce zai kawo tsani da fenti, ya kuma auna bangon ya ce sai an zagaya da ita har kan taga. Goma ya karɓi yara biyar. Malam ya ce a zo a ɗauke shi, in dai ƙafa ta yarda, kuma shekararsa saba'in da takwas, don haka kada wani ya ce mini sai wani zangon.

Ciro rigar nan daga inda ka cusa ta. Duba ƙirjin, in ba a ja maka layi ba, ja da kanka. Raba lambar da taka, da hannu, har ƙasa. Sannan ka zo ranar Asabar da fensir biyu, ɗaya naka, ɗaya na yaron da za ka zauna kusa da shi, kuma kada ka tashi daga bencin sai ya miƙe da bakinsa ya ce ba saura.